Manyan motocin da muka tuƙa: shaidar wani tsohon direba

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ba kasafai ake rubutu a kansa ba, wato manyan motocin ɗaukar kaya na da, da abin da mu da muka tuƙa su muke tunawa game da su. Abin da ya taso da maganar shi ne rasuwar maigidana, mutumin da ya koya mini tuƙi, Allah ya jiƙansa da rahama. Ranar sadakar uku mun haɗu mu tsofaffin direbobi a kan tabarma ɗaya, kuma bayan an shafa fatiha sai hira ta koma kan mota, aka shiga gardamar wace ce ta fi amana, wace ce kuma ta fi gallaza wa direba. Da na dubi fuskokin da ke wurin na ga babu wanda gemunsa bai yi fari ba, sai na tabbata cewa idan ba a rubuta wannan ilimi ba, da mu za a binne shi.

Na shiga tasha a 1969 ina yaron mota, a kan wata Bedford mai bodin katako, ƙirar Ingila, irin mai zagayayyen hancin nan da ake harhaɗawa a Legas. Sitiyarinta a dama yake, domin a lokacin ƙasar nan hannun hagu take bi, sai ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka koma hannun dama. Aikina shi ne in duba ruwa da baƙin mai tun kafin asuba, in ɗaure tamfol, sannan idan an zo hawa in sauka in bi motar a guje ɗauke da waigi, da zarar ta fara ja da baya in cusa shi ƙarƙashin taya. Bedford mota ce mai sauƙin hali, wadda duk bakaniken ƙauye ya san cikinta, kuma ita ce ta kai gyaɗa da auduga daga kasuwannin karkara zuwa bakin layin dogo shekara da shekaru. An yi ta ne domin matsakaicin kaya da gajeren zango, shi ya sa da harka ta koma doguwar tafiya zuwa Kurmi sai ta ja baya. Kamfaninta ma ya bar ƙera manyan motoci tun wajajen 1986.

Da aka zo kan Mercedes-Benz 911 kuwa, wadda muke kira roka, babu wanda ya ɗaga murya don musu a kan tabarmar nan, kuma ni ma ita na zaɓa. Jamusawa sun fara ƙera wannan samfuri mai gajeren hanci a 1959, kuma saboda ƙasashen Afirka da na Larabawa sun ƙi rabuwa da shi, ba a daina ƙera shi ba sai a tsakiyar shekarun 1990. Mutane da yawa ba su san cewa lambar da ke jikinta bayani ba ne: 9 na nufin tan 9, nauyin motar haɗe da kayanta, 11 kuma na nufin ƙarfin doki 110. Haka lissafin yake a kan 'yan'uwanta 1113 da 1513 da babbar yayarsu 1924. Injinta na gas ne, wato dizal, mai silinda 6, kuma ba ya dogara da wata na'urar lantarki kafin ya ci mai, saboda haka ko batir ya mutu, in dai an samu gangara ko majiya ƙarfi huɗu, za ta tashi ta kai ka inda za ka.

Abin da ya sa muka riƙe ta da daraja ba gudu ba ne, domin ba ta da shi. Mota ce da take gaya wa direba ciwonta tun kafin ya kwantar da ita. Maigidana yakan sa ni in ɗora tafin hannuna a kan murfin inji, in rufe ido in saurara, ya ce in faɗa masa ko silinda ɗaya ta yi rauni, kuma sai da na shekara biyu ina wannan kafin ya bar ni in zauna a kujerarsa. Idan iska ta shiga layin mai, akwai ɗan famfon hannu a gefen inji da za ka danna har kumfa ya ƙare. Idan fanbel ya tsinke tsakanin Tegina da Birnin Gwari, inda babu gari sai daji, igiya mai ƙwari za ta lallaɓa da kai zuwa wurin mai shago. Akwai kuma wani maɓalli a ƙasa kusa da ƙafar direba, wanda idan ka taka shi yake toshe hayaƙi, inji da kansa ya riƙe motar a gangara, birki ya huta. Ga shi injin yana gaban direba, abin da ke rage zafin da ke shiga ɗakin tuƙi, kuma idan tsautsayi ya gitta akwai ƙarfe tsakaninka da abin da ka tarar. Da ita na yi shekara 14 ina kai shanu Agege, in komo da goro daga Shagamu ko gishiri daga Apapa, ta Ilori da gadar Jebba da Mokwa, kuma ban taɓa barin ta a daji na tafi neman taimakon da ya wuce yini ɗaya ba.

Gardama ta yi zafi ne a kan tirela. Wani abokinmu da ya yi rayuwarsa a kan Fiat 682, ƙirar Italiya, ya rantse cewa ba a yi motar da ta kai ta jan nauyi ba, kuma ban ƙaryata shi ba, domin na ga yadda ta yi aiki a 1975, shekarar da jiragen ruwan siminti suka cunkushe tashar Legas. Tafiyar hawainiya take yi, kana iya ganin yaron mota ya sauka ya sayi rake ya cim mata a kan hawa, amma ba ta tsayawa. Masu Mack ta Amurka, mai ɗan karen nan a kan hanci, su kuma suka ce tasu ce sarauniya a wajen dakon mai da ƙarfe, saboda ƙwarin shasinta da sifirin ɗinta. Gaskiya ne, sai dai Mack ta da ba ta karɓar giya daga hannun wanda bai iya ba: dole ka saurari inji, ka taka kuloci sau biyu, ka jefa giyar daidai lokacin da ƙarar ta faɗi, in ba haka ba duk tasha za ta ji kukan haƙoranta. DAF ta Holan daga baya ta zo, ta kawo kujera mai laushi da wurin kwanciya a bayan direba, har sunanta ya zama sunan kowace babbar mota a bakin mutanenmu. 'Yan'uwanmu na Nijar da muke haɗuwa da su a Jibiya da Maraɗi kuwa ba su da zance sai na Berliet ta Faransa, wadda suka ce ita ta buɗe musu hanyoyin rairayi a arewacin Agadas.

Game da wadda ta fi ba ni wahala, ba zan kama sunanta ba, domin har gobe ban yarda cewa laifin na maƙeranta ne su kaɗai ba. Wani attajiri da na yi wa aiki ya sayo ta sabuwa fil a farkon shekarun 1980, mota mai shafaffiyar fuska, kyakkyawa, wadda idan na shiga tasha da ita yara suke kewaye ta. An ƙera ta ne domin ƙasar sanyi da titi mai santsi. Lagiretonta ƙarami ne, matatar iskarta ba ta san ƙurar hunturu ba, kuma direba a kan inji yake zaune, ta yadda a watan Afrilu sai na jiƙa buhu na shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafata kafin in iya taka totur. Wata rana na ɗauko albasa daga Aliero zan kai Legas, famfon ruwanta ya fashe kafin mu isa Mokwa. Na aika yarona Ilori bai samu ba, ya wuce Ibadan bai samu ba, aka ce sai dai a yi oda daga waje. Kwana 6 muka yi a gefen hanya. A rana ta huɗu ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashin bodi, wari ya tashi, mai kayan, dattijo ne da ya haɗa jarinsa da na 'yan'uwansa a wannan lodi, ya zauna a gindin wata bishiya yana share hawaye da bakin rawaninsa, bai ce mini uffan ba. Da roka ce, da famfon yana rataye a shagon farko da yaron ya shiga. Tun daga ranar na daina auna mota da kyan fuska ko ƙarfin doki, na koma tambayar abu biyu: shin bakaniken bakin hanya zai iya buɗe ta, kuma shin ana samun kayan gyaranta a garin da ke gaba?

Adalci ya wajabta in faɗi namu laifin, mu direbobi da iyayen gidanmu. Motar da aka rubuta mata tan 9 har da nauyin kanta, mukan kai ta wurin maƙera a ƙara mata sifirin, kafinta ya ƙara wa bodi tsawo, a loda mata buhu har ta durƙusa, sannan a ɗora fasinja a sama. Inji yana jurewa, amma birki ba ya jurewa. Duk wanda ya san Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san adadin ƙarafan da ke kwance a ƙasan kwarin nan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tafi a wurin na san su, mun ci tuwo a kwano ɗaya. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, amma gaggawar mai kaya da ƙarancin barci sun sa wasu sun saki giya, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa. Motoci da dama da aka yi wa baƙin suna a tasha, zaluntarsu aka yi.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai, ya Edita. Tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 ƙasar nan tana da masana'antu huɗu na harhaɗa manyan motoci: Leyland a Ibadan, Steyr a Bauci, Fiat a Kano, da kuma ANAMMCO mai harhaɗa Mercedes-Benz a Enugu, wadda aka buɗe a 1980. Na ga sababbin motoci suna fitowa daga Bauci da idona, yaranmu ne suka ɗaure musu kusoshi. Da kuɗin mai ya ragu, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, naira ta faɗi, sai shigo da sassan da za a harhaɗa ya gagara, masana'antun suka yi ta tangal-tangal, mu kuma muka koma kan motocin gwanjo daga Turai waɗanda suka riga suka gama ƙuruciyarsu a hannun wasu. A daidai wannan zamani, a 1983, ƙasar Sin ta sayi fasahar Steyr ɗin nan daga Ostiriya, ta zauna ta koye ta, ta gina masana'antarta a kai, kuma daga wannan tushe ne Howo ta fito, wadda a yau ta cika hanyoyinmu tana dakon siminti. Duk lokacin da na ga jerin gwanonsu a hanyar Kano zuwa Zariya sai in tuna harabar nan ta Bauci, zuciyata ta yi nauyi.

Ba na raina motocin yanzu. Ɗana yana tuƙa ɗaya, tana da sanyi a ciki, birkinta ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma zai tsufa da kunnuwansa da bayansa lafiya, saɓanin yawancinmu da ƙarar inji ta rage mana ji. Amma idan wata fitila ta kama a gabansa motar ta ƙi tashi, sai ya zauna jiran mai kwamfuta daga birni, alhali bakaniken da ya gyara motoci shekara 40 yana tsaye a gefe hannunsa a harɗe. Ina ganin ya kamata makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin direbobi su haɗa tsofaffin kanikawa da matasa masu ilimin na'ura a gareji ɗaya, tun waɗancan suna da sauran ƙarfin riƙe sifana.

Roƙona gare ka shi ne ka tura wakilinka Tafa da Mararrabar Jos da sauran wuraren da manyan motoci ke yada zango, ya nemi dattawan da ke zaune a rumfunan ƙungiya, ya ɗauki muryoyinsu da hotunansu, a riƙa buga labarin mutum ɗaya a kowane mako, da irin motar da ya tuƙa da hanyar da ya bi. Idan yana son ya ga roka da ranta, ya zo kasuwar Wudil ranar Juma'a da sassafe, akwai waɗanda har yanzu suke sauke dabbobi a can, wasu ma sun girmi masu tuƙa su. Ni da kaina zan raka shi, in nuna masa famfon hannun nan da maɓallin da ke ƙarƙashin ƙafa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon direban babbar mota,
Kano.