Godiya ta Musamman ga Ma'aikatan Gidan Tarihi na Katsina

Assalamu alaikum. Na ga ya wajaba in fito fili in gode wa ma'aikatan Gidan Tarihi na Ƙasa da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, saboda karamcin da suka yi mana ni da 'yata a makon jiya.

Yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare, aka ba ta aikin rubuta tarihin garinmu. Mako biyu muka yi muna zarya a wasu ofisoshi da ba zan ambata ba. A wani wuri aka ce mai gida ya fita, mu dawo gobe. A wani kuma aka bar mu kan benci tun hantsi har aka kira azahar, babu wanda ya ce mana ko sannu, daga ƙarshe wani ya nuna mana cewa sai da ɗan abin goro za a buɗe mana ɗakin takardu. Na koma gida da kunyar 'yata, domin ni na ce mata Katsina ɗakin kara ce, ba a wulaƙanta baƙo balle ɗan gida.

Da muka isa gidan tarihin, wani dattijo daga cikin ma'aikatan ya taso ya tarye mu, ya ce mata, "Jikata, fito da littafinki, ki tambayi duk abin da kike so." Ya ɗora hannunta kan bangon ƙasar ginin don ta ji sanyinsa duk da zafin ranar, sannan ya bayyana mata cewa a zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka buɗe kwalejin a 1922, kuma a nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake rarrabe abin da aka rubuta da abin da aka gada daga baki. Da ta tambaye shi game da Hasumiyar Gobarau, sai ya ce ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, ta rubuta haka, kada ta ƙara gishiri. Ya kuma shawarce mu da mu ziyarci makwancin Wali Ɗan Marina. Na miƙa masa ɗan ihsani ya ƙi karɓa, ya ce aikinsa ne.

Abin takaici, a hanyarmu ta komawa na nuna mata inda ganuwa take a da, yanzu gidaje sun cinye ta, wasu wuraren kuma an mayar da su juji, alhali akwai waɗanda ake biya albashi don su kula da irin waɗannan wurare.

Allah Ya saka wa wannan dattijo da abokan aikinsa da alheri, Ya sa su gama lafiya.

Wassalam,
Wani uba daga birnin Katsina