Wasiƙa ga Sadiƙu, bayan wasan ranar Asabar

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ummanka ta nuna mini bidiyon da ka turo, mun kalla har sau huɗu. Na ga lokacin da ka buga ƙwallon ta ratsa tsakanin ƙarafan nan biyu, abokanka suka ɗaga ka sama. Allah ya yi maka albarka. Ka tashi kana buga tamaula ba takalmi a bayan gidanmu, yau ga shi ƙafar nan ta ci wa makarantarku wasa a ƙwallon Amurka.

Sai dai akwai maganar da ka yi a waya da ta tsaya mini a rai. Ka ce tunda kun kayar da babbar makarantar yankinku, sauran wasannin kaka duk shan ruwa ne. Ita ce ta sa na zauna rubutun nan.

A shekarar 2007 ina kwas a Boone, wani ɗan gari a kan duwatsun Karolina ta Arewa, inda jami'ar Appalachian State take. Ranar 1 ga Satumba yaranmu, 'yan ƙwallon jami'ar, suka je gidan jami'ar Mishigan, wadda ake lissafawa ta biyar a duk ƙasar. Biyan su aka yi dala 400,000 su zo, don kowa ya ɗauka duka za su sha su koma. Mutum sama da 109,000 ne a filin. Da aka tafi hutun rabin lokaci muna gaba da 28 da 17, amma Mishigan ta farfaɗo ta wuce da maki ɗaya. Saura daƙiƙa 26 mai irin aikinka, Julian Rauch, ya buga ta shiga, aka koma 34 da 32. Mishigan ta samu nata bugun na ƙarshe, Corey Lynch ya yi kukan kura ya tare ƙwallon da jikinsa.

Da yammar nan da idona na ga ɗalibai sun tumɓuke ƙarfen gola daga filinmu, sun ɗauko shi a kafaɗa suna ihu har ƙofar gidan shugaban jami'a. Wani dattijo mai shara a ɓangarenmu ya riƙe hannuna yana hawaye, ya kasa cewa komai.

Mako uku bayan nan, Sadiƙu, 'yan ƙwallonmu suka je Wofford, kwalejin da ɗalibanta ba su kai 2,000 ba, aka ci su 42 da 31. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A watan Oktoba jami'ar Georgia Southern ta zo har gida ta ƙara musu. Garin ya yi tsit, kamar an yi rasuwa.

Abin da na fi girmama yaran nan da kocinsu Jerry Moore a kai shi ne abin da ya biyo baya. Ba su sake faɗuwa ba. A Disamba suka doke Delaware 49 da 21 a wasan ƙarshe, suka ɗauki kofin rukuninsu karo na uku a jere, da nasara 13 da rashin nasara 2. Duniya Mishigan take tunawa, amma wasannin sanyin Nuwamba, waɗanda ba wanda ya yi ta yayatawa, su suka kai su ga kofin.

Don haka ka koma atisaye ranar Litinin kamar ba ka ci komai ba. Ka je ka gode wa yaron da ke turo maka ƙwallo da wanda ke kafa maka ita a ƙasa, ka kira sunansu in ana yabonka, domin in hannunsu ya karkace ƙafarka ba ta da amfani. Ranar da za ka ɓarar tana nan tafe, kowane mai bugu yana da irinta. In ta zo ka kira ni, kada ka kulle kanka a ɗaki.

Kada ka bari tafiye-tafiyen wasa su ci maka sallah ko jarrabawar tsakiyar zango, karatu ne ya kai ka can. Ummanka ta ba Alhaji ƙanina kilishi da yaji, amma na ce mata ba a shiga da nama ƙasar, don haka yajin kaɗai zai iso maka. Ka turo mini jadawalin sauran wasanninku da lokacinsu a agogon nan gida.

Mahaifinka.