Zuwa ga ƙanena da ya yi tambaya a taron Samaru

Assalamu alaikum.

A taron matasa masu harkar kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ka miƙe ka tambaye ni: idan mutum ya shiga intanet ta burauzar Brave ko Tor ya tura Bitcoin, ai babu mai iya gano shi ko? An kira Magariba kafin in amsa, shi ya sa na rubuto a fili, waɗanda suka ji tambayar su ma su ji amsar.

Ana iya gano shi, ƙanena, kuma yawanci ba ta burauzar ake bi ba.

Tor na aikinsa tsakani da Allah. Sai ya bi da kai ta kwamfutoci uku kafin ka isa shafin da kake nema, kamfanin layinka bai san inda ka nufa ba, shafin bai san daga inda ka fito ba. Brave kuma na toshe talla da masu bin sawu. Ni ma da su nake aiki, amma ban miƙa musu wuya ba. A 2020 an kama Brave na liƙa lambar kamashonta a adireshin shafin Binance, wani dandalin canjin kirifto, idan mutum ya rubuta shi, har shugaban kamfanin, Brendan Eich, ya fito ya ba da haƙuri.

Bitcoin kuwa tun 2009 babu cinikin da ba a rubuce yake ba, kuma kowa na iya dubawa. Kamar littafin bashin mai shago ne da aka bari a buɗe a bakin titi, sai dai lambobi ne a gurbin sunaye, su ake kira adireshin walet, wato asusun ajiyar kirifto. Ranar da aka haɗa lamba ɗaya da sunanka, duk cinikin da ka taɓa yi da ita ya fito fili. Bitcoin kusan 120,000 aka sace a dandalin canji na Bitfinex a 2016, hukumomin Amurka suka yi ta bin sawu har 2022, suka ƙwace na dala biliyan 3.6.

Mu kuma da hannunmu muke haɗa lambar da sunan. Ka buɗe asusu a dandalin canji, ka ba da NIN, ka kalli kyamara, ka juya kai hagu da dama. Ka sayar da USDT, kirifton da ke bin darajar dala, ta P2P, wato kai tsaye ga wani mutum, alat ya faɗo asusun bankinka mai BVN. Me Tor zai ɓoye a nan? Kamfanin Tether mai fitar da USDT ma na da ikon daskarar da USDT a kowane adireshi, kuma yana yi idan hukuma ta nema. Wani kirifto mai suna Monero ne ke ɓoye mai turawa da mai karɓa da adadin kuɗin, shi kuma Binance ta cire shi daga dandalinta a Fabrairun 2024.

Na san ba ɓarna ce a ranka ba. Tsoronka kada a san abin da ka mallaka, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane, kuma ni ma wannan tsoron na damuna. To ka daina ɗora adireshin walet ɗinka a sitatus na WhatsApp, ka daina yaɗa hoton ribar da ka ci, ka riƙa karɓar kuɗi da sabon adireshi kowane karo. Kalmomi 12 ɗin nan na buɗe walet ka rubuta su a takarda ka adana a gida, ka goge hotonsu daga wayarka tun kafin ka kai ta gyara Sabon Gari.

Yayanka,
daga Tudun Wada, Zariya