Amsa ga 'yata da ta tambayi yadda ake kwashe sharar Yamai a da

'Yata, Allah ya yi miki albarka.

A taron unguwa ranar Lahadi kin miƙe gaban jama'a kin tambaye ni: mu tsofaffi da ke cewa Yamai ta da ta fi tsabta, wa ke kwashe shara a lokacin, kuma ina ake kai ta? Magariba ta yi ban amsa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin na ma'aikatar magajin gari ne. Akwai manyan akwatunan ƙarfe a bakin wasu tituna, mota takan zo ta ɗauka. Lungunanmu na Bukoki kuwa rairayi ne, mota ba ta shiga, mu juji muka sani. A zamanin mulkin Seyni Kountche, daga 1974 zuwa 1987, 'yan ƙungiyar matasa ta Samariya kan fito gayya da tsintsiya da shebur, ana kiɗa, a share titi a yashe kwata.

Amma 'yata, sharar ce kanta ba irin ta yau ba. Ni nake kai kwandon innata juji kowace safiya, na san abin da ke ciki. Rairayin tsakar gida shi ya fi nauyi, sai toka, ƙaiƙayin hatsi, kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Mahauci a takardar siminti yake naɗe nama, mai sayen fura da ƙwaryarsa yake zuwa. Damina ɗaya in ta wuce, jujin ya koma baƙin taki. Manoman bayan gari har roƙon direbobi suke a juye musu a gona. Gwangwani da tsohon ƙarfe kuwa kasuwar Katako suke nufa, maƙera su mai da su murhu da tukunya.

Sai leda ta shigo. Ba ta ruɓewa. Akuya ta ci ta rame ta mutu, kwata ta toshe, ruwan sama ya kwashi sauran ta kwarin Gunti Yena har kogi. Ga gari ya cika: ƙidayar 1988 ta samu mutum kusan 400,000, ta 2012 ta haura miliyan ɗaya. An yi dokar hana leda a 2014, amma ko jiya a cikinta aka ƙulla wa jikata tumatir na dala ashirin, abin ya dame ni ƙwarai.

Na ji ku matasa za ku fito shara ranar Asabar. Zan zo da shebur ɗina in Allah ya yarda. Ki gaya wa ƙawayenki su ware leda gefe guda, sauran kuwa akwai mai lambu a bakin kogi da ya ce zai aiko da amalanke.

Naki,
Baba na Bukoki