A sa maganar ƙwaya cikin sulhu, a kuma daidaita da Nijar

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in isar da kuka ga mahukuntan Abuja da na Yamai. Ni mai kemis ne a Jibiya, bakin iyaka. Tun farkon 2025 ake ta zaman sulhu da 'yan bindiga a wannan yanki namu, daga Batsari zuwa nan Jibiya. Ana maganar sakin waɗanda aka sace, da buɗe hanyar kasuwa, da barin manoma su koma gona. Maganar ƙwaya kuwa, ko an ambace ta, a fatar baki take tsayawa.

Ban ƙi sulhu ba. Duk wanda ya taɓa kwana a daji da 'ya'yansa saboda ƙarar babura ya san darajar barcin dare ɗaya. Amma mun ga yadda sulhun Gwamna Masari na 2016 da na 2019 suka watse, na Zamfara ma haka. Ta yaya alkawari zai riƙu a hannun yaron da ke karya kumallo da tiramol? Mutanen ƙauye da ke zuwa sayen magani wurina suna faɗa mini cewa idan an kai kuɗin fansa, sau da yawa har da fetur da katin waya da ƙwaya ake haɗawa. Wani dattijo ya taɓa kwance bakin rigarsa ya zube mini fankon faketi a kan tebur, waɗanda ya tsinto a gonarsa bayan sun kwana a ciki. A jikinsu an rubuta tiramol mai ƙarfin miligiram 225, alhali abin da hukuma ta yarda a sayar mai miligiram 50 ne da 100, shi ma da takardar likita.

Wannan ƙwaya ba a dajin Rugu ake yin ta ba. Galibi daga Indiya take fitowa, ta sauka a tashoshin ruwa na Legas ko Kwatano ko Lome, sannan ta kamo hanyar arewa, wata ta wuce Agadas zuwa Libiya, wata ta ɓulle mana ta ɓarauniyar hanya. Da Indiya ta tsaurara doka a kan tiramol a 2018, sai 'yan kasuwar suka koma wani haɗin daban, wanda binciken BBC ya bankaɗo a watan Fabrairun 2025 kafin a haramta shi can. Kaya mai ratsa ƙasa uku ko huɗu, hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kaɗai ba za ta iya tare shi ba, komai ƙoƙarin shugabanta Buba Marwa da yaransa.

Nan ne zuciyata ke ƙuna. Daga Magama ta nan Jibiya zuwa Ɗan Isa ta Nijar ɗan taƙi ne, Maradi kuma gida ce, muna da auratayya, muna cin kasuwar juna. A 2019 gwamnonin Katsina da Zamfara da Sakkwato sun je Maradi sun rattaba hannu da gwamnan can a kan tsaron iyaka. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe boda, aka yanke wuta, aka yi ta musayar zafafan kalamai. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, a watan Maris kuma ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi. Mai safarar ƙwaya bai rasa komai ba a wannan rikici. Ya yi ɓarna a nan ya tsallaka can, ya yi a can ya dawo nan, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yarjejeniyar miƙa masu laifi ta 1994 a inuwar ECOWAS aka ƙulla ta, yanzu kuwa maƙwabciyarmu ta bar wannan inuwa. Amma ƙofa ba ta rufe ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar tana nan tun 1971, hedikwatarta a Yamai, kuma Ministan Harkokin Wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je can a watan Afrilun 2025 an zauna. To a ɗora daga nan. A ƙulla yarjejeniya ta ƙasashen biyu kai tsaye, wadda za ta sa a tasa ƙeyar dillalin ƙwaya ko mai safarar bindiga zuwa inda ya yi laifin. In ƙasa ba ta son miƙa ɗanta, a ba ta shaidu ta gurfanar da shi a kotunta. Jami'an NDLEA na Katsina su riƙa musayar sunaye da lambobin motoci da takwarorinsu na Maradi ba sai an jira taron ministoci ba.

Su kuma masu shiga daji zaman sulhu, malamai da hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi, ina roƙonku don Allah ku sa wannan sharaɗi a rubuce: duk jagoran da ke son a yarda da tubansa ya faɗi mai kawo masa ƙwaya da hanyar da take bi. Mu ma masu kemis a bi mu shago-shago a duba, wanda aka kama da ita a ƙwace lasisinsa a kai shi kotu, ko ɗan waye.

Na gode.

Naka,
Mai kemis, Jibiya, Jihar Katsina