Shawararku kan getent za ta kayar da sabar mutane

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Abin da marubucinku ya faɗa a shafin fasaha na makon jiya, wai layin "getent passwd postgres || useradd -r postgres" (wato getent ya duba ko akwai asusun postgres, wanda manhajar rumbun bayanai ke aiki da shi, in babu useradd ya ƙirƙira shi) ya wadatar wa kowane ƙunshin manhaja, kuskure ne, kuma raina ya ɓaci da kuka buga shi haka.

Shi getent ai ba /etc/passwd, fayil ɗin asusun da ke cikin injin, kaɗai yake dubawa ba. Duk inda /etc/nsswitch.conf ya tura shi, can yake zuwa. In an rubuta "passwd: files sss", zai tambayi LDAP ko Active Directory, kundin asusun ma'aikata da ke kan wani injin daban, ta hannun SSSD, manhajar da ke haɗa injin da su. Da ya ga wani postgres a can sai ya ce akwai, useradd kuma ba zai motsa ba. Girkawa ta ƙare lami lafiya. Sai ranar da aka sake kunna sabar, sadarwa ba ta tashi ba, SSSD bai ajiye sunan ba: systemd, mai tayar da ayyukan injin, ya nemi postgres ya rasa, aiki ya tsaya cak da kuskuren 217/USER. In kuwa wancan postgres ɗin asusun wani ma'aikaci ne, to an damƙa masa fayilolin rumbun bayanai gaba ɗaya, shi ma bai sani ba.

Asusun da manhaja ke aiki da shi a cikin injin ya kamata ya zauna. A duba da "getent -s files passwd postgres". In babu a nan amma akwai a LDAP, useradd zai ƙi, ya ce sunan yana nan. To ƙunshin ya dakata ya faɗa wa mai kula da sabar ƙarara, kada ya wuce shiru. Shi kuma ya sa sunan a filter_users ƙarƙashin sashen nss na sssd.conf don SSSD ya daina nuna shi, ya sake girkawa.

Ga kuma lambobin asusu (UID), waɗanda marubucin ko ambatonsu bai yi ba. Debian, wani nau'in Linux, ta ware 100 zuwa 999 don asusun tsari, na mutane daga 1000. Amma a RHEL, wato Linux na Red Hat, kafin RHEL 7 daga 500 ake fara ba mutane lamba, kuma tsofaffin kundin LDAP na nan da irinsu. Shi useradd -r daga 999 yake saukowa. In LDAP bai amsa ba lokacin girkawa, sai useradd ya ɗauki lambar wani, NFS kuwa, tsarin raba fayiloli ta sadarwa, lamba ya sani, bai san suna ba. Mai irin wannan kundi ya mayar da SYS_UID_MAX, iyakar lambobin asusun tsari, zuwa 499 a /etc/login.defs, a Debian kuma har da LAST_SYSTEM_UID a /etc/adduser.conf. Kada ya sa min_id = 1000 a sssd.conf, zai kulle mutanensa masu lamba ƙasa da 1000 a waje.

Sannan don Allah ku gyara na'urar tsara shafinku. Tana haɗe gajerun layuka biyu na farkon --system, wato doguwar siffar -r, su koma dogon layi ɗaya, duk wanda ya kwafa umarnin sai ya ƙi aiki.

Naku,
Mai karanta ku kullum