Zuwa ga Abokan Cinikinmu Masu Tsofaffin Taraktoci: Kafin Ku Sayi Sabon Batir

Assalamu alaikum. Muna gaida iyayenmu da 'yan'uwanmu manoma na Jos, Bukuru, Barikin Ladi, Mangu da Bokkos. Ya aiki, ya sanyi?

Tun da hunturu ya shigo, kuka ɗaya ake kawo mana a shago: tarakta ta ƙi tashi da safe, batir ya mutu. Gaskiya ne sanyin Jos yana rage wa batir ƙarfi. Amma sau da yawa batirin ba shi da laifi, caji ne ba ya isa gare shi. Kwanan baya wani dattijo ya zo da Massey Ferguson 135, ya saye mata batir biyu cikin shekara guda. Da muka sa yatsa a kan fanbel, wato bel ɗin da ke juya na'urar caji, sai ya lotsa kamar igiyar shanya. Ɗaurewa kawai yake so. Ranmu bai yi daɗi ba, domin kuɗin batir biyu kuɗin taki ne.

Don haka ku fara da abin da ido ke gani. Fanbel kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi in an danna tsakiyarsa. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan zafi, a kankare, a ɗaure. A duba wayar da ta haɗa batir da jikin tarakta, tsatsa tana yawan cin gindinta. Mai mita ya auna: lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6, in an tada inji aka ba shi wuta ya kamata ya hau zuwa 13.8 ko 14 da ɗoriya. In bai motsa ba, babu caji.

Yawancin waɗannan taraktocin Ingila, irin su 135 da aka fara ƙerawa a 1964, da dainamon Lucas suka zo, wato tsohuwar na'urar cajin batir, ba altaneta irin ta zamani ba. Dainamo ba ya caji in inji yana tafiya a hankali, saboda haka barin tarakta tana gunaguni a ƙofar gida ƙona gas ne kawai. A cikin dainamon akwai gawayi biyu da ke cinyewa, ƙurar hunturu kuma tana maƙale su. Bayansa akwai ɗan rami da ke son ɗigon mai, mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Kat-awut ɗinsa kuwa, wato ɗan akwatin da ke daidaita cajin da ke zuwa batir, don Allah a daina buɗe shi ana lanƙwasa da sukundireba. In aka wuce gona da iri batir zai riƙa tafasa yana shanye ruwansa.

Wani abin lura: wasu tsofaffi, kamar Fordson Major, kan batir mai alamar + ne yake haɗe da jikinsu. Wanda bai sani ba sai ya juya. Duk sanda aka sauya wannan haɗi ko aka sa wani dainamo, sai an taɓa wa wajen da aka rubuta F a jikin dainamo wuta daga batir na ɗan daƙiƙa, ya san hanyarsa.

Ku da aka sauya muku zuwa altaneta, roƙonmu ɗaya ne: kada ku yarda kowa ya cire kan batir inji yana aiki wai don gwada caji. Haka ake ƙona altaneta. Kuma in fitilar caji ba ta kama ba sanda kuka murɗa makulli, a duba ƙwan, domin wasu altanetocin sai da shi suke fara caji.

Awo da mita ba ma karɓar ko sisi. In kawo tarakta zai yi wuya, ku ciro dainamo da kat-awut tare, kada ku kawo ɗaya ku bar ɗaya. Ku zo yanzu da rani, domin da ruwan Afrilu ya sauka layi yana tsawo a shago.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Naku,
Ma'aikatan shagon gyaran wutar tarakta, Dilimi, Jos